Ƙanƙarar da Hashim Bai Sani Ba

Akwai wani ciwo da ke kama dattawa, shi ne jin nauyin buɗe baki a ce "ban sani ba". Kalma uku ce. Yaron da bai fara makaranta ba yana faɗinta babu wahala, amma sai ka ga mai furfura ya gwammace ya cuci kansa ya cuci wani a kan ya furta ta. Wannan ciwon ne ya ci Hashim Mai Ƙanƙara. Tare muke shan shayi da shi a unguwar Ammariyya ta Jidda bayan la'asar, don haka ba ji na yi a gari ba.

Hashim mutumin Gusau ne. Umra ta kawo shi Jidda, bai koma ba. Shekara goma sha tara ya yi yana sayar da ƙanƙara a Bab Makka, irin dogayen sandunan nan da ake jawowa daga mota da ƙugiya. Yana yanka wa masu kifi da masu lemo da zarto, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Ya san ƙanƙarar da za ta kai magariba da wadda za ta narke kafin azahar, daga ƙwanƙwasawa kawai. Da firiza ta shiga kowane shago sai sana'ar ta mutu, suna ya rage masa.

Allah ya haɗa shi da wani Balarabe mai suna Hamad, wanda ake kira Abu Yazan, mai kantin kayan wasanni a arewacin gari. Lokacin da aka buɗe ƙofar gyaran takardun baƙi, Abu Yazan ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ya sa shi kula da sito. Wannan iƙama ita ce komai na Hashim. Da ita ya kama ɗaki biyu a unguwar Madain Fahd, da ita yake tafiya a titi ba ya waiwaye. Matarsa Mastura haifaffiyar Jidda ce, ba ta taɓa ganin Najeriya ba, kuma tun ranar aure ta gaya masa ba za ta gan ta ba. Suna da 'ya ɗaya, Sajida. A lokacin da abin ya faru saura wata biyu iƙamar ta ƙare, Abu Yazan kuma ya riga ya ce zai sabunta ta kamar kullum.

A saman kantin akwai sashen kayan sanyi. Idan hunturu ya zo, masu hali na Jidda kan tafi ƙasashen Turawa su hau duwatsu, su ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafa su yi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ni ban ga abin sha'awa a ciki ba, amma ba a tambaye ni ba. Mai kula da sashen shi ne Majid, jikan mahajjatan Kano, haifaffen Ammariyya, mutum ne da ya haura arba'in. Sau biyu Abu Yazan ya tura shi can kan duwatsun ya koyo aikin. Hausarsa a karye take, rabinta Larabci.

Wata rana Majid ya ga Hashim yana jera allunan a sito yadda ya ga dama, sai ya tsaya zai yi masa bayani. Ya ce kowane allo da faɗin ƙugunsa, kuma an rubuta lambar a jiki. Mai siririn ƙugu na ƙanƙara mai tauri ne, don gefensa na ƙarfe yana cizonta. Mai faɗi sosai na sabuwar dusa ce mai laushi, yana yawo a kanta ba ya nutsewa. Na tsakiya kuwa shi ake ba wanda zai gamu da duka biyun a rana ɗaya. Ya miƙa hannu zai nuna masa maɗaurin, wato ƙarfen da ke kama takalmi a kan allo, sai Hashim ya katse shi.

"Kai Majid, ƙanƙara za ka koya mini? Kai da ko sunanta ba ka iya faɗa ba, kana ce mata kankara?"

"Ammu Hashim, taka ta lemo ce. Wannan ta jabal ce, yani ta dutse."

"Ta lemo ce ko ta dutse, ruwa ne ya daskare. Tun kana zuwa makaranta da ɗan wando nake ɗaukarta a kafaɗa."

Majid ya yi dariya ya bar shi. Bayanin maɗaurin dai bai shiga kunnen Hashim ba, domin bai bari an yi shi ba.

Ran wata Alhamis gwaggon Majid ta rasu a Makka. Kafin ya kama hanya ya ce wa Hashim ya zauna masa a sama, idan an zo sayen safa ko hula ya sayar, amma duk wanda ya tambayi allo a kira shi a waya, ko a maƙabarta yake zai ɗauka. Hashim ya ce to.

Bayan azahar sai ga Thamer, ɗan wan Abu Yazan, magidanci ɗan shekara talatin, mai fara'a. Washegari da safe jirginsa zai tashi. Sau ɗaya ya taɓa yin zamiyar, da allon haya, yanzu yana son nasa na kansa. Ya zo da takalmansa a jaka. Ya ce Majid ya ware masa alluna uku tun makon jiya, ya ce idan ya zo za su zauna su zaɓa. Hashim ya ɗauko su ya jingina da bango, kowane da lambar faɗin ƙugunsa: mai tamanin da takwas, mai casa'in da takwas, da mai ɗari da takwas.

Thamer ya yi ta duba su yana shafawa. Ya ce inda za shi an yi kwana goma dusa ba ta sauka ba, da safe ƙasa kamar tayil take, da rana ta yi laushi kamar kunu, amma ana sa ran sabuwa za ta iya zuwa. Shi ya sa ya rasa wanda zai ɗauka. Sai ya juyo ya dubi furfurar Hashim.

"Ya Hajj, kai ka san talj?"

To ga inda abin yake. A bakin Larabawan nan, talj ita ce wadda ake jefawa a kofin lemo, ita ce kuma wadda ke sauka a kan dutse. Mu ma ƙanƙara muke cewa duka, sai in mutum ya ga dama ya ƙara "dusa" a gaba. Hashim ya san sarai wadda ake tambayarsa. Amma kalmar ta ba shi ƙofa, ya bi ta.

"Shekara goma sha tara ina aikinta," in ji shi.

Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Thamer ya ce masha Allah, ashe baffansa yana ɓoye malami a sito. Wannan yabon ya hau kan Hashim. Ya ɗauki mai tamanin da takwas ya ajiye gefe, ya ce wannan na masu ƙaramin jiki ne. Ya ɗaga na tsakiya ya girgiza, ya ce shi ba ya son abin da bai tsaya nan ba bai tsaya can ba. Sannan ya dafa mai ɗari da takwas. Ya ce da yana sauke ƙanƙara daga mota, katako mai faɗi yake shimfiɗawa, bai taɓa kifewa da shi ba, siriri kuwa sau biyu yana kayar da shi. In ƙasa ta yi tauri ta yi santsi, mutum faɗi yake nema a ƙarƙashin ƙafarsa. Thamer ya ce kamar ya ji Majid ya faɗi akasin haka. Hashim ya ce ai Majid sau biyu kacal ya je can.

Thamer ya ciro waya zai kira Majid ɗin. Hashim ya ɗora hannu a kan wayar, ya ce haba, mutum yana kan binne gwaggonsa, ai bai dace a dame shi da maganar wasa ba. Thamer ya ji kunya ya mayar da ita aljihu. A duk abin da Hashim ya yi ran nan, wannan ya fi tsaya mini a rai, don girman kai ne ya sa masa rigar tausayi.

Saura daidaita maɗauri. Thamer ya ce a wajen haya sun tambaye shi nauyinsa da tsawonsa kafin su murɗa wani kusa. Hashim ya ce shi ba ya buƙatar sikeli, ido ya isa. Ya sa takalmin a kan allo, ya ɗan murɗa shi da ƙarfi, sai ya ga ya fita. Ya girgiza kai, ya ce dubi sakacin Turawa, mutum yana gudu a kan dutse takalmi ya kuɓuce masa. Ya ɗauko sukudireba ya ɗaure kusoshin, na gaba da na baya, har sai da suka ƙi juyawa. Bai san an yi maɗaurin ne don ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi ba. Wannan shi ne bayanin da ya katse.

Da yamma ya zo wajen shayi yana ba mu labari, yana kwaikwayon yadda ɗan masu kanti ya tsaya yana sauraronsa. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin irin wannan ƙanƙarar tana saukowa daga sama. Ya ce an taɓa yin ruwan ƙanƙara a Gusau har ta kashe kaji. Na ci gaba da shan shayina.

Kwana huɗu bayan haka labari ya iso. Da sassafe Thamer ya gangaro kan ƙanƙara mai tauri, ya zo zai karya kwana, allon mai faɗi ya ƙi cizo, ya zame da shi. Faɗuwa ce irin wadda ake yi a tashi a karkaɗe jiki. Amma allon ya maƙale ya juya, maɗaurin ya ƙi sakin takalmi, sai ƙafar ta juya tare da shi. Ƙashin ƙwauri ya karye wuri biyu, jijiyoyin gwiwa suka tsinke. Masu ceto da suka duba kusoshin suka tambayi wane ne ya ɗaure su haka.

Abu Yazan bai tambayi kowa ba, don a saninsa mutum ɗaya ke taɓa allo a kantinsa. Ya kira Majid ya ce ya zauna a gida. Majid ya rantse bai ga Thamer ba ranar, amma Thamer yana can asibiti ana yi masa aiki, ba mai tambayarsa. Hashim yana sito yana jin komai. Ya ci gaba da jera kwalaye.

Mastura ce kaɗai ya gaya wa. Ta ce ya tashi tun da safe ya je ya faɗa da bakinsa, Abu Yazan mutum ne mai jin magana in an zo masa da ita tsaye. Ya ce bari iƙama ta fito tukuna. Ta ce Majid fa yana da 'ya'ya biyar, kuma uwarsa da uwarta tare suka yi makarantar allo. Ya ce ta bar shi ya yi tunani. Ya yi tunanin kwana goma sha ɗaya. A kwanakin ya daina zuwa shayi.

Ranar da aka dawo da Thamer a keken guragu, dangi suka taru gaishe shi. Baffansa ya ce masa ya kwantar da hankali, ya riga ya dakatar da Majid. Thamer ya ce me Majid ya yi? Ai dattijon nan ne na sito, wanda ya yi shekara goma sha tara a aikin talj.

Washegari Abu Yazan ya kira Hashim ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ma sa aka kawo masa shayi.

"Ya Hajj, da ka ce masa ba ka sani ba, me zai same ka?"

"Ba komai, Abu Yazan."

"Da ka zo mini washegarin da labari ya iso, da na yi fushi, da na huce. Tsufa ne, kuskure ne. Amma kwana goma sha ɗaya kana wucewa ta ƙofar nan kana gaishe ni, Majid yana zaune a gida."

Hashim ya fara cewa ai shi a saninsa ƙanƙara, sai Abu Yazan ya ɗaga hannu.

"Halas. An gama."

Bai kai shi ƙara ba, bai kuma sabunta iƙamar ba. Takardar fita ta ƙarshe ya yi masa, ta barin ƙasar ba dawowa. Mu dattawan Ammariyya muka je roƙo mu uku, ya karɓe mu da mutunci, ya ce mu je mu ga ƙafar Thamer sannan mu dawo mu sake roƙonsa. Ba mu koma ba. Hashim ya nemi wani kafilin, amma labari ya riga shi, kuma ba mai ɗaukar ɗan shekara sittin da ɗaya da irin wannan shaida. Majid ya koma aikinsa. Da Hashim ya je gidansa neman gafara, ya fito ya ce Allah ya yafe mana, ya koma ciki bai ce masa ya shigo ba.

Ni na raka shi filin jirgi, da jaka ɗaya. Ga abin da ya bari: iƙamarsa, aikinsa, ɗakuna biyu na Madain Fahd da aka mayar wa mai gida. Mastura, wadda ta kwashe kayanta ta koma gidan yayanta. Sajida, da ta rage shekara ɗaya ta gama makaranta, ta zauna da uwarta. Shekara ashirin da takwas na zaman Jidda. Da kabarin da ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi kusa da Makka. Thamer kuwa har yau da sanda yake tafiya, wannan kuma yana wuyan Hashim a can Gusau.