Sunan da Yaya Sauda Ba Ta Faɗa

Ni a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, shi ya sa har yau idan aka ba ni takarda da yatsa nake bin ta, harafi bayan harafi. Sunana Yahuza. Mijin yayata, Dokta Badamasi, shi ya kawo ni Kuala Lumpur, ya samo mini aiki a kicin ɗin wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang. Shi karatu ya zo yi, da ya gama aka riƙe shi koyarwa.

A shekara ta biyu ta korona Allah ya yi masa rasuwa. Takardar zaman Yaya Sauda da ta 'yarsu Raudatu a jikin tasa suke rataye. Yaya ta shiga takaba, ofisoshi kuma yau a buɗe gobe a rufe, kafin ta fita takabar takardun nasu sun riga sun mutu. Tawa ta wurin aiki ce, don haka ni kaɗai nake fita daga gidanmu na Titiwangsa. Su kuwa ko jiniya suka ji daga titi sai su yi shiru har ta wuce.

Raudatu tana da shekara biyar aka zo da ita, yanzu sha takwas. Turanci da Malay take yi, Hausa kuwa sai idan faɗa ya tashi. Harhaɗa magunguna take son karanta, kuma sakamakonta na sakandare ya yi kyau. Kwaleji uku ta rubuta wa, kowacce da ta ji zancen takardar zama sai ta daina amsawa. Ta huɗu, wata a Bukit Jalil, ita ce ta haɗa ta da wata mata, Puan Noraini, mai ba ɗalibai shawara.

Wannan aikin ya ba ni mamaki. Ranar da suka yi kiran bidiyo da la'asar ina gida, domin lokacin abincin tapau kawai muke yi, wato wanda ake ɗauka a tafi da shi, ana tashinmu da wuri. Na zauna a gefe, na ce wa Raudatu ta tambayar mini wane darasi matar take koyarwa. Matar ta yi dariya, ta ce ba ta koyar da komai, aikinta ta zauna da yaro ta ji inda yake son zuwa, ta nuna masa ta inda ake bi. Na ce ashe kamasho ce irin na tasha, mai nuna wa fasinja motar garinsu. Raudatu ta harare ni, ta ƙi fassarawa.

Puan Noraini ta ce ba za ta kai ƙarar kowa ba, amma kuma ba za ta ce su ci gaba da ɓuya ba. Tunda duk karatu ya koma ta intanet, kwalejin za ta iya ɗaukar Raudatu ta fara daga ɗaki. Daga baya su kai kansu ofishin shige da fice, su koma Najeriya, yarinya ta dawo da biza ta ɗalibai. Akwai kuma gurbi na kyauta da aka ware wa marayu, amma ranar Juma'a ta sama za a rufe. Hoton fasfo da na sakamakon jarrabawa kawai take buƙata.

Washegari na kai takardun wani shago kusa da tashar jirgi don a ɗauki hotonsu. Mutum ɗaya-ɗaya ake shiga, layi ya yi tsawo, ba ni da abin yi, sai na fara karantawa da yatsana. A takardar sakamako an rubuta Raudatu Badamasi. A fasfo an rubuta Aishatu Badamasi Ashafa. Ni a wurina ba labari ba ne, duka biyun na san su. Amma sai na tsaya ina tunani, ita Puan Noraini wa zai gaya mata? Da layi ya zo kaina na nuna wa mai shagon, na tambaye shi mutum nawa ya gani. Ya ɗaga yatsu biyu.

Raudatu 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Dokta aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun ranar suna aka yi mata laƙabi da Raudatu, kuma ban taɓa jin ɗaya sunan a bakin Yaya ba. Da na kawo maganar gida, Yaya ta tuna ranar da ta kai ta makarantar yaran baƙi. Dokta yana aji, ita kaɗai ta je, magatakarda ya tambayi sunan yarinya, ta faɗi wanda bakinta zai iya faɗa. Shekara goma sha biyu ana tafiya a haka. Da a ɗakin jarrabawa aka zauna, da mai duba fasfo a bakin ƙofa ya gano, to shekarar korona ce, malamai ne suka ba da maki daga aikin da yara suka yi a gida.

Muka gaya wa Puan Noraini. Sannan ta tambaya a hankali ko fushi uwar take yi da yarinyar. Wannan karon Raudatu ta fassara mini. Na ce ba fushi ba ne, kunya ce, irin wadda ake yi wa abin da ya fi girma a ido. Matar ta gyara tabarau, ta ce ita ma 'yar fari ce, har yau uwarta Along take ce mata, laƙabin ɗan fari da Malay, sai dai uwar tata ta daure ranar shiga makaranta. Ta ce mafita ɗaya ce cikin kwanakin da suka rage: uwa ta je da kanta gaban lauya mai karɓar rantsuwa, ta shaida sunayen nan biyu na mutum ɗaya ne. In ba haka ba gurbin ya wuce.

Yaya ta ce fita ba ta dame ta ba. Da aka zo zancen sunan kuwa sai ta kawar da kai.

"Umma, suna ne fa kawai," in ji Raudatu, da Hausa, alamar faɗa ya taso.

"Ke da ba ki haihu ba me kika sani? Tashi ki ba ni wuri."

Na sami Yaya a kicin tana tuƙa tuwon shinkafa. Na daɗe ina son yin wannan tambayar, sai ranar na samu hanya. Na ce, Yaya, wai idan kika faɗa me zai faru? Ta ce babu abin da zai faru, bakinta ne kawai bai san hanyar ba. Ta ce ita ma 'yar fari ce, innarmu har ta rasu ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma ba ta taɓa jin an rage ta da komai ba. Sannan ta roƙe ni idan an je in faɗa a madadinta. Na ce zan gwada.

Ranar Talata da hantsi muka tafi a ƙafa, don kada mota ta kai mu shingen 'yan sanda. Ofishin a saman wani shagon shayi yake, irin wanda suke kira mamak. Lauyan tsoho ne, Encik Zulkifli, yana zaune a bayan gilashin roba, dukanmu da takunkumi a fuska. Ya karanta takardar, ya ce tunda uwar ba ta karanta Turanci, sai ta faɗa da bakinta ya ji. Ya tambayi sunan da ake kiran yarinya. Yaya ta faɗa. Ya tambayi sunanta na fasfo.

"Mai sunan Hajiya," in ji Yaya.

Na fassara da Malay ɗina na kicin. Ya ce wace Hajiya, a unguwar nan kaɗai sun fi ɗari. Na ce ni ƙaninta ne, bari in faɗa. Ya ce ba ni nake rantsuwa ba. Na yi masa bayanin kunyar gwargwadon abin da harshena ya kai. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni ko maza ma suna yi, na ce suna yi. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ba ya sauri, ya janye takunkuminsa ƙasa ya kurɓi shayi.

Raudatu ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta. Sai Yaya ta ce mata ta fita waje ta ja ƙofa. Ni kuma ta ce in juya in kalli bango. Kafin in juya na ga ta ƙara jan takunkuminta sama har kusa da ido, ta jawo hijabi ta rufe goshi.

Na ji ta motsa baki, amma ni kaina ban kama komai ba. Tsohon ya ce gilashin nan yana cinye magana, ta ƙara ɗagawa kaɗan.

"Aishatu," in ji Yaya.

Daga bayan ƙofa aka amsa, "Na'am, Umma."

Ban juyo ba sai da na ji ƙarar hatimi a kan takarda. Da muka koma, sai da muka zo ƙofar gida Yaya ta ce wa Raudatu ashe har laɓe ta iya.

Ranar Alhamis Puan Noraini ta aiko da takardar ɗauka. Na karɓi wayar na bi ta da yatsa har ƙasa, suna ɗaya ne a ko'ina, na fasfo. Tafiya gida tana nan gaba, an ba su rana a ofishin shige da fice, Yaya ta fara ɗaure kaya. A gida kuwa har yanzu Raudatu ce.

Da safe ƙarfe tara ake fara darasi, malamin yana kiran sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ta kwamfuta. Na Raudatu yana cikin na farko. Kullum kafin a zo kansa Yaya sai ta tashi ta shige kicin kamar ta tuna wani abu a kan wuta. Amma na lura ba ta rufe ƙofar, kuma ba ta taɓa tukunya sai yarinyar ta amsa.