Gwangwanin Yis Daga Kadawa

Da na yi haihuwar fari sai aka kai ni gidanmu a Madobi wankan jego, da niyyar in na yi arba'in in koma ɗakina a Kadawa. Arba'in ta zo ta wuce ina kwance. Maruru ne suka sa ni gaba, wannan ya fashe wancan ya fito, ga zazzaɓi da ba ya barina in wartsake. Jaririyar, Kubra, tana ta ƙiba abinta, ni kuwa ina ta zubewa har awarwarona ya daina zama a hannu.

Ciwon bai dame ni kamar shirun maigidana ba. Sunansa Sammani, yanzu na tsufa zan iya faɗa. Shekarar ce gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, duk mai fili a bakin ruwan Kadawa ya duƙufa nomanta, shi ma haka. Duk Juma'a yakan zo a kan kekensa, ya durƙusa a soro ya gaida Baba, ya tambayi lafiyar mutanen gida a dunƙule, kamar ni da awakin Inna duk ɗaya ne. Ina jiyo muryarsa daga ɗaki. Bai taɓa cewa a kira masa ni ba. Na san kunyar surukai ce, kada a ce ya ƙosa a ba shi matarsa, amma sanin bai hana ni jin haushi ba. Tsorona ɗaya ne, kada ya saba da rashina.

Ni kam ban saba ba. Ina kewar ƙarar ruwa a bayan katangarmu duk ranar da aka buɗe wa layinmu ruwan noman rani, da warin ganyen tumatir a rigarsa, da yadda yake shigowa ƙafa duk taɓo yana rantsuwa ya wanke. Har faɗan da nake masa a kan tabarmata na yi kewa.

Wata Juma'a ya miƙa wa Baba wani gwangwani ya ce a shigar ciki. Iyakar bayanin ke nan. Baba ya sa masa albarka, ya kawo wa Inna. Da aka buɗe sai ga yis, irin na masu gidan burodi. To Inna sana'arta fanke, kullum da safe tana gaban kasko, kuma yis ya yi wuya a lokacin. Me za ta ɗauka in ba alherin suruki ba? Washegari fankenta ya tashi ya yi suntum, masu saye har daga wata unguwa. Juma'ar da ta biyo baya ta ƙunshe masa tukwici a takarda aka miƙa masa.

Haka abin ya ɗore. Gwangwani ya shigo, fanke ya fita. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, balle ta tsaya tambayar mijina me ya kawo kuma don wa. Shi ma ko za a yanka shi ba zai iya ce wa Baba ga maganin matata ba. Ni kuwa ina kwance ina cizon yatsa. Mutumin nan ya tuna da kaskon Inna, bai tuna da ni ba. Na daina cin fanken ma don haushi.

Ana nan sai masu allurar rigakafin yara suka zo garinmu gida-gida. A cikinsu akwai Lahadi, wata nas mutuniyar Kagoro da ke aiki a ɗakin shan maganin Kadawa, wadda ta duba ni lokacin da nake da ciki. Ta yi wa Kubra allura, ta kama hannuna ta juya, ta ɓata rai.

"Zuliha, kina shan yis ɗin kuwa?"

Na ce wane yis.

Ta saki baki. Ashe tun da Sammani ya ji ina fama da maruru ya hana ta sakat, kullum yana ƙofar ɗakin shan magani da taɓonsa. Ita ce ta ce masa ƙwayar yis tana gina jiki, tana taimaka wa jikin ya yaƙi irin wannan ciwo. Ya zaga kantunan magani na Kura bai samu ba, ya shiga Kano bai samu ba. Ƙarshe ya ji wani gidan burodi zai rufe saboda rashin fulawa, ya je ya kwashe gwangwanayen da suka rage musu. Ta koya masa a riƙa zuba cokali a kunu, a tafasa sosai kafin a ba ni. Ta ce har maimaita mata ya yi don kada ya manta.

Bai manta ba. Faɗa ne ya gagare shi.

Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya. Na ga ludayinta ya tsaya, sannan ya ci gaba da juyawa. Lahadi da abokan aikinta suka fita. Washegari babu ƙamshin suya a gidanmu. Inna ta shigo da kwanon kunu mai wani irin bauri, ta ajiye, ta dubi bango ta ce a shanye. Na shanye ina hawaye, kuma ba baurin ne ya sa ni ba.

Ranar Juma'a ina jin ya jingina keke na yafa mayafi. Na dafa bango har soro. Baba yana ganina ya tuna yana da wani uzuri a masallaci, ya saka takalmi ya fita.

Sammani ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya rame shi ma, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa kamar baƙi. Na gaya masa Lahadi ta zo, na gaya masa inda maganinsa ya riƙa tafiya. Na zaci zai yi dariya, sai na ga ya zauna a kan dakali ya riƙe kai.

"Da na ga ana dawo min da shi a soye, sai na ɗauka ke kika ƙi sha. Na ce ko ba kya son abin da ya fito daga hannuna."

"Shi ya sa ka ci gaba da kawowa?"

"To me zan kawo? Shi kaɗai na sani."

Na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, na ce ko ya saba da zama shi kaɗai. Ya girgiza kai.

"Tun da kika tafi ban ci abinci a gida ba. In yayata ta aiko, gona nake tafiya da shi, in ci a tsaye a bakin ruwa. In na zauna a ɗakin sai in riƙa jiran ki shigo."

Na ja mayafi na rufe fuska. Ina so in ce ya tafi da ni a ranar, amma ko tsakar gida ban iya ƙetarewa sai da dafa bango, shi ma ya gani. Kowa ya san sai an ƙara jira.

Sai muka jiyo muryar Inna daga ciki, da ƙarfi, kamar da kaji take magana.

"A faɗa wa mai keken nan, kafin a yanke alkama ya zo ya ɗauki iyalinsa. Kuma ya riƙa shigowa yana cin abinci."

Sammani ya durƙusa a nan soro, ya fuskanci katangar da muryar ta fito, ya yi ta godiya. Da zai tafi bai hau keken ba, turawa ya yi har kwanar layinmu, yana tafe yana waiwaye.