Ramatu Gyartai

Shekara guda bayan samun ƴancin kai Isaka gyartai ya rasu a Yamai. Abin da ya bar wa matarsa Ramatu, Allah ya jiƙan su duka, buhu ɗaya ne na kayan aiki, da inuwar wani itacen dogon yaro a bakin Babbar Kasuwa, inda ya shekara tara yana ɗinke fasassun ƙorai. Ba su haihu ba.

Da ta fita takaba sai wan mijin, Yakuba, ya zo daga ƙauyensu na wajen Madawa don ya mai da ita gida. Ya sauka a ɗakinsu na Zongo, ya ce kamiyo, babbar motar da za su shiga, zai tashi ran Juma'a bayan an sauko masallaci.

Ramatu ta ce, "Yaya, ni wurin marigayi nake so in zauna, in riƙe aikinsa."

Yakuba ya yi dariya har goro ya ƙware shi. "Tun da aka haife ni ban taɓa ganin gyartai da ɗankwali ba. Kuma dubi garin nan, kowace mace kwanon Bature take so, mai fure. Wa zai kawo miki ƙwarya?"

"A bar ni zuwa Juma'ar."

"Na bar ki. In aka kawo aiki kika yi, mai shi ya karɓa bai zage ki ba, sai in tafi ni kaɗai."

Ran Litinin ta shimfiɗa buhun a gindin itacen. Ba wanda ya tsaya. Talata ma haka. Sumana mai tabarmi, maƙwabcinta a wurin, in ya iso da safe sai ya ce, "Madam gyartai, yau ma an buɗe biro, an shiga ofis?"

Ran Laraba wata tsohuwa Bazabarma mai sayar da fura, Hadizatu, ta zo da ƙunshi a tsumma. Ta kwance. Wata babbar ƙwarya ce da ta gada wurin uwarta, tsufa ya mai da ita baƙa wuluk. Ta fashe gida uku, kuma wani yanki kamar tafin hannu ya ɓace, jaki ya take shi.

Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Gyartai biyu sun ce in zubar. Mijinki da ya iya. Ke fa?"

"Zan gwada, Inna."

Shi Isaka ɓoye ɗinki yake yi. Kaba mai launin ƙwaryar yake zaɓa, ya yi ƙananan huji, sai ka nema kafin ka ga inda ta fashe. Ramatu ta daɗe tana kallon hannunsa, amma kallo daban, yi daban. Ta gasa ƙarfen huda, hujinta na fari ya karkace. Ga kuma ramin nan, ba ta da abin toshe shi sai sakaina sabuwa, fara fat. Ko aljani ba zai ɓoye fari cikin baƙi ba.

Ta yi ta duban ramin har inuwa ta juya. Can ta tuna da ragowar rinanniyar kabarta ta saƙar faifai, ja da baƙa da tsanwa, sana'ar da ta iya tun tana ƴar shekara bakwai. Ta ce a ranta, abin da ya ƙi ɓoyuwa gara a yi masa ado.

Ta yanke farar sakainar ta zauna daidai ramin. Ta bi kowane tsagi da huji kusa da kusa, tana ratsa ja, tana karya shi da tsanwa, kamar yadda ake juya launi a bakin faifai. Ta yini Alhamis a kai, yatsunta duk sun ƙuna. Daga ciki ta shafe ɗinkin da danƙo.

Da hantsin Juma'a Yakuba ya iso da kayansa a ka, ƙunshin Ramatu a hannu. Hadizatu ma ta iso. Ramatu ta yaye tsumman.

Wanda ya ga ƙwaryar nan ranar bai manta ba. Tsagin uku sun zama kamar rassan kogi, suna gangarowa ja da tsanwa, sun haɗu a farin yankin da ya zauna cikin baƙin kamar wata daren sha huɗu. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wurin ya yi tsit, a kasuwar da ba a jin kiran juna.

Hadizatu ta bi ɗinkin da yatsa tun daga baki har gindi. Ta ce, "Kyau ba ya riƙe fura. A zuba ruwa."

Aka kira mai garuwa ya cika ta. Tsohuwar ta ɗaga ta sama da hannu biyu. Sumana ya durƙusa a ƙarƙashi yana leƙe, ya daɗe, sannan ya miƙe ya shafa fuskarsa. A bushe take.

Hawaye suka zubo wa Hadizatu. Ta ɗora ƙwaryar a ka da ruwan a ciki, ta ratsa kasuwa a hankali, mutane suna darewa.

Cikin masu kallo akwai matar wani ma'aikaci na Plateau, unguwar manyan ma'aikata, riƙe da sabuwar ƙwarya da ta saya yanzun nan. Ta dubi tata, ta dubi wadda ke tafiya. Sai ta sunkuya ta ƙwala ta a saiwar itacen, ta tsage biyu. Ta miƙa wa Ramatu.

"Irin waccan nake so."

Yakuba ya saki baki. Ya ce, "A garinmu wadda ta yi haka sai an kai ta wurin malam a yi mata rubutu."

Ya daɗe tsaye yana duban fasasshiyar ƙwaryar a cinyar matar ƙanensa. Sannan ya ajiye ƙunshinta a gefen buhun.

"Me zan ce wa mutan gida?"

"Ka ce musu ina da aiki, Yaya."

Ya gyara kayansa a ka ya nufi tasha. Ramatu ta mai da ƙarfen huda cikin wuta.