Batirin da Ya Ƙi Mutuwa

A ma'aikatarsu, Malam Tsimi ake ce masa, kuma sunan bai zalunce shi ba. Injiniya ne mai zana farfela da injin ƙananan jiragen nan marasa matuƙi, waɗanda ake saki ƙarƙashin teku su yi watanni suna awon ruwa. A sana'arsu, wanda batirin jirginsa ya fi jimawa shi ne gwani. Kujerar shugaban sashe kuwa ba kowa a kanta. Tsimi ya ƙwallafa rai, ga abokin hamayyarsa Dogo shi ma yana lasar baki.

Sai ya duƙufa. Ya kankare fukafukan farfela har suka koma kamar ɓawon albasa. Ya rage juyin injin, ya sake ragewa. A tankin gwaji, inda ruwa ke kwance abinsa, jirgin ya yi ta rarrafe daga bango zuwa bango, wutar da yake sha ba ta kai ta ƙwan fitilar firij ba. Matarsa ta rantse ba ta taɓa ganin ya kalli ɗan Adam da irin ƙaunar da yake kallon jirgin nan da ita ba.

Abin da shi da masu tafa masa suka manta, don sun tsufa a bakin tanki, shi ne ruwan teku tafiya yake yi. Aka saki jirgi. Ya sa gaba gabas cikin natsuwa, ruwa na jansa yamma. Duk sanda ya leƙo sama ya aiko saƙo, sai a ga ya ƙara nisa, batir kuwa lafiya lau. Aka ce a ƙara masa wuta, ashe Tsimi da hannunsa ya toshe wannan hanya, kada wani almubazzari ya taɓa.

Na Dogo bai yi abin kirki ba. Ya mutu da wuri kusa da gaɓa, aka tsamo shi, aka ba Dogo kujera.

Darakta ya kira Tsimi, ya yaba masa sosai, sannan ya tuna masa ƙa'ida: mai zanen jirgi shi ke zaman gadinsa a ɗakin sa ido, ba wani aiki ba ƙarin girma, har jirgin ya dawo ko ya mutu.

"Ranka ya daɗe, har zuwa yaushe ke nan?"

"Ai kai za mu tambaya, Injiniya. Yaushe batirin zai ƙare?"

Tsimi ya buga lissafi a kansa, shi kuwa ba ya kuskuren lissafi.

"Bayan na yi ritaya ne," in ji shi.