Jan Layi a Gonar Tasalla

Almu ya ɗaga kwamfutar sama da kansa don na baya su gani. Jan layin ya ratso fuskar gilashin kamar tsutsa, ya bi ta tsakiyar inda aka rubuta "Gonar Tasalla".

"Kun gani ko?" in ji mahaifinsa, Malam Talha, mai makarantar allo ta ƙauyen. "Nan ruwa za shi ci ƙasa bana. Na'ura ta hwaɗi, ɗana ya karanto muna."

Maza sun cika bakin gonar da diga da shebur. Gayya aka kira, a haƙa lambatu ta inda jan layin ya bi, a jera duwatsu kafin damina ta kankama. Na'Allah makaɗi ya riga ya rataya gangarsa.

Almu kaɗai ya san abin da ke cikin na'urar. Injiniya Zakiyya ta shirin noma a garin Isa ce ta ba shi ita, da yake ya taɓa aiki a shagon buga takardu a Sabon Birni. Ta ce ya saka manhajar hasashen zaizaya, ya sauko da bayanan tudu da gangaren yankinsu daga intanet, ya jira ta. Manhajar ta shiga. Bayanan suka ƙi. Ya hau tudun Burkusuma neman sabis da layin wayar Nijar, abin ya yi rabi ya tsaya. Ran da mahaifinsa ya shigo da dattawa su ga aikin ɗansa, bakinsa ya kasa furta "ban gama ba". Sai ya buɗe taswirar gwaji da ta zo tare da manhajar, ta wata ƙasa mai duwatsu da bai san sunanta ba. Daga baya ya rubuta sunayen gonakinsu a kai.

Tasalla ta matso da ƙwaryar fura. Bara aka binne mijinta, kuma wannan gona ita ce abincin 'ya'yanta. Geronta ya kai ƙauri, kore shar.

"Almu ɗana, sha ka ji sanyi," ta ce. "Gara a tuge rabi da kwari ya haɗiye duka. Ni dai ban iya karatun Nasara ba, amma na san gidan da ka hito."

Ya kurɓa. Ya mayar mata da ƙwaryar.

"Injiniya ƙarami!" Na'Allah ya yi kirari yana dariya. "Mai ganin ruwa tun yana Nijar!"

Ganga ta tashi. Digar farko ta sauka, gindin gero ya kwanta, saiwarsa a sama. Na biyu ya bi shi. Tasalla ta kau da kai, ta shiga gyara ɗaurin zaninta.

Almu ya rufe kwamfutar. Ya je ya durƙusa gefen mahaifinsa.

"Baba."

"Mi ya hwaru?"

"Wagga taswira ba tamu ba ce. Ta gwaji ce. Ni na sa sunayen."

Malam Talha bai dube shi ba. Yatsunsa suka tsaya a kan carbi. Ya daɗe yana kallon geron da ke faɗuwa.

"A masallaci na tashi na shaide ka," ya ce a hankali.

"Na sani, Baba. Za ni kiran Injiniya, za ni..."

"Tashi."

Tsohon ya taka cikin kunyoyin, bai damu da taɓon da ke kama bakin rigarsa ba. Ya ɗora tafinsa a kan fatar gangar. Kiɗa ya mutu. Diga ta tsaya a sama, kowa ya juyo.

"Almu na da magana," in ji Malam Talha.

Ya ja da baya, ya bar masa fili. Tasalla na tsaye da ƙwaryar a hannu, tana yi wa Almu murmushi.