Ƙarƙashin Motar Talle

"Ya sa hannu ko bai sa ba?" in ji matar da ke bayan tebur a ofishin inshora, ko kai ba ta ɗaga ba.

Malam Ezekiyel ya gyara tabarau. Shekara talatin yana koyar da Faransanci a Tawa, yau ga shi yana inda-inda kamar ɗan aji ɗaya. "Ya sa, madam. Sai dai lokacin ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar."

"To, an rufe takardunsa. In yana son a sake dubawa, shi mai motar ya rubuto, ya sa hannu."

Zuwansa na huɗu ke nan, kuma motar ba tasa ba ce. Ta maƙwabcinsa Talle ce, direban da ke jigilar mutane tsakanin Tawa da Tebaram, wanda katanga ɗaya ta raba su shekara goma sha tara. Sati shida da suka wuce, wata babbar motar albasa ta kwashe shi ta gaba a mashigar gari. Laifin mai albasa ne, jandarmomi ma haka suka rubuta. Kamfanin inshora ya turo mai duba ɓarna, wani saurayi tsaf-tsaf da farar riga, Attahir. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya rubuta fitilu da gilashi da ƙarfen gaba, sannan ya ce, "Baba, akwai wani abu kuma?"

Kai, Talle! Mutumin da ko kunama ta harbe shi sai ya ce da sauƙi. A gidansu ba a kai kuka gaban baƙo. "Ba komai, ɗana, Allah ya taƙaita," ya ce. Ya zuba wa saurayin shayi, ya dangwala yatsa a takarda.

Sai da aka kai motar garaji, Almustafa makanike ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana salati. Shasi, ƙashin bayan motar, ya lanƙwashe, ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba ya tsage. Kuɗin da aka biya ko rabin aikin ba su kai ba. Aka jawo ta gida aka ɗora kan duwatsu. Ita ce gonar gidan, ita ce rumbun, da ita Raƙiya matarsa da yara biyar suke ci.

Da Ezekiyel ya dawo daga ofishin, ya tarar da Talle kwance a zaure, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Tun ranar hatsarin yake tari, kullum ya ce sanyi ne.

"Sun ce sai ka faɗa da bakinka akwai abin da ba a gani ba."

"In ƙaryata ɗan mutane, Malam? Ya sha shayina. In sunka kore shi aiki hwa?"

"Ɗan mutane! Naka ɗiyan mi za su ci? Duwatsun ga?"

Bai taɓa yi wa Talle tsawa ba sai ranar. A cikin gida Raƙiya ta daina daka. Talle ya yunƙura zai amsa, tari ya sarƙe shi, ya toshe baki da hula. Da ya ɗauke ta, Ezekiyel ya ga jini.

"Tun yaushe?"

"Sitiyari ne ya ɗan taɓa ni." Ya ja numfashi da ƙyar. Can ya ce, "Ɗauko alƙalaminka, Malam. Rubuta musu, ka ce ba sauƙi."

"Motar?"

"Rubuta dai."

Ya rubuta, Talle ya dangwala. Da la'asar suka kai shi asibiti. Likita ya ce haƙarƙari biyu sun karye tun tuni, jini ya taru a ciki. Da a satin farko aka zo, in ji shi, da an shawo kan abin. Ranar Alhamis bayan azahar Talle ya cika.

Abin da ya fi cin ran Ezekiyel shi ne kansa. Sati shida yana zarya kan ƙarfe, yana faɗa an ƙi leƙa ƙarƙashin mota, shi kuwa bai taɓa cewa maƙwabcinsa ya ɗaga riga ba. Duk da haka, washegarin jana'iza ya kai takardar.

Attahir ya iso ranar sadakar uku, bai san an yi rasuwa ba. Ya ga maza zaune kan tabarmi a inuwar motar, ya juya babur zai koma. Ezekiyel ya riƙe masa hannu.

"Gaisuwa ta jira. Shiga ƙarƙashin motar."

Mutane suka janye tabarmi. Saurayin ya kwanta da farar rigarsa, ya ja jiki ya shige. Ya daɗe. Da ya fito, bayansa duk ƙasa da baƙin mai, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Gaskiya ne," ya ce. "Za a biya, shasi da komai. Ni ne ban duba ba."

Ya cika shafi guda da rubutu. Sannan bakinsa ya riga shi, kamar yadda ya saba: "Akwai wani abu kuma?"

Daga bayan ƙyauren zaure muryar Raƙiya ta fito a disashe. "Ba komai, ɗana. Allah ya..."

Ezekiyel bai bari ta ƙarasa ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya matsa gefe. Carbin Talle na nan rataye a madubi. Sitiyarin kuwa ya lotsa ta ƙasa, ya shige ciki, daidai faɗin ƙirjin mutum.

Attahir ya tsaya yana kallo, bakin alƙalaminsa a kan takarda, bai motsa ba.