Inuwar da Ke Jiran Layi

An gyara asibitin San Lucas Yodonda ya yi fes, amma wata biyar cur babu mai tsallaka ƙofarsa sai nas Yadira, da Kawu Eustorgio shugaban kwamitin lafiya, da wata baƙar kaza mai tsiraicin wuya wadda ta gano bayan firij ɗin alluran rigakafi ya fi ko'ina ɗumi a garin. Gwamnati ta aiko da farin tayil da sola da gadaje masu ɗagawa in an murɗa musu hannu. Har da wata na'ura mai tsince iska mai kyau daga cikin iska, kamar yadda ake tsince wake. Kawu Eustorgio ya taɓa yin rabin yini a gabanta yana sauraron numfashinta.

Mutanen gari sun fito aikin gayya, sun yi rufi, sun shafe bango ta waje. Ciki kuwa sai ma'aikata aka ɗauko daga birni. A shekarar annoba mutum bakwai suka cika a wurin, kuma kowa ya san in rai ya fita, inuwar mutum tana nan kwance inda ya faɗi. Sai an zana gicciye da farar ƙasa a daidai wurin, an yi kwana tara ana addu'a, rana ta tara a share farar ƙasar a zuba a ɗan akwati a kai kabari, sannan inuwa ta bi mai ita. A waccan shekara babu wanda aka yi wa haka. An naɗe su a leda an wuce da su maƙabarta, dangi suna hange daga nesa. To wa zai shiga ya taka uwarsa da takalmi don a auna masa jini?

Sai Yadira ta fito da teburinta baranda, inda akwai wani dogon benci na katako tun zamanin tsohon gini. A nan take duba masu ciki da masu tari. A nan kuma take wanke ƙafar Hermelinda, da ake kira Mela, matar Kawu Eustorgio, wadda ƙaya ta soke a gona, ciwon suga ya hana wurin rufewa.

Ranar wata Talata Yadira ta kwance bandeji, ta daɗe tana kallo.

"Gwaggo, ƙafar nan ta daina jin maganata."

"Ni ma ba ta jin tawa," in ji Hermelinda. "Ɗaure ta in tafi, na bar wake a wuta."

"Ta wuce ɗauri. Ruwan magani take so ta jijiya, kwana biyar kina kwance a gado, babu ƙura, babu kaji."

"Ai akwai kaza a ciki."

"Wannan ma'aikaciya ce." Yadira ba ta yi dariya ba. "In muka wuce jibi, sai babban asibitin birnin Oaxaca. Can kuma ba lallashi suke yi ba, yankewa suke yi."

"Su yanke. Da in taka yayana gara in yi yawo da sanda." Ta juya wajen mijinta. "Kai tsoho, me kake kallo? Ƙafar tana nan."

Bencin yake kallo. A shekarar annoba ma shi taron gari ya ɗora wa kwamitin lafiya, shi kaɗai ke shiga tare da tsohon nas, shi ke ɗauko gawa. Shi ya san inda kowa ya kwanta. Celerino, yayan Hermelinda, bai ko shiga ciki ba. Gadaje sun cika, ya zauna a ƙarshen bencin nan yana jiran layi, ya rufe fuska da malafa, a haka ya tafi. Da Eustorgio ya koma gida ya ga idon matarsa, sai bakinsa ya ce mata a gadon da ke gefen taga ya cika, da robar iska a hanci, nas yana riƙe da hannunsa. Tun daga nan kowace Lahadi tana ajiye furanni a bakin tagar ta waje. Yanzu kuwa ga ta zaune daram a kan yayanta, tana rantsuwa ba za ta taka shi ba.

Da yamma Eustorgio ya tafi wurin Gwaggo Eufrosina mai jan addu'ar matattu, wadda ta riƙe shi ranar baftismarsa, har gobe kuma tana masa kallon wanda ya yi mata fitsari a zane. Ya same ta tana ɓarzar masara, ya roƙe ta a ɗaga inuwoyin nan kafin jibi ta wuce.

"Kwana tara ne, Toyo," ta ce, ta kira shi da sunansa na yarinta. "Ba ni na yanka ba."

"Ƙafar Mela kwana biyu gare ta."

"Sai ka je ka gaya wa Allah."

"Gwaggo, ai kin fi ni kusa."

Ta ɗaga kai ta harare shi da idonta mai gani. Ta ci gaba da ɓarza har ta gama totuwa uku.

"Mutanen da suka jira shekara uku ba za su ƙi sauri ba," ta ce. "Samo mini mata tara masu lafiyar gwiwa. Kowace ta ɗauki kwana ɗaya, in ta gama ta miƙa wa ta gaba. Mu fara da fitowar rana, kafin ta karkata mun cika kwana tara. Amma gicciye sai a daidai wurin. Ka kauce da taku ɗaya, ƙura kawai za mu kai kabari."

A hanyar gida ya yi ta auna maganar. In ya zana a gefen taga, Mela za ta shiga ta kwanta, ƙafa ta tsira. In ya zana a benci, ya san matarsa: tana iya ɗingisawa gida ta kulle ƙofa, ta ce duk abin da ya shirya ƙarya ne kamar shi, jibi kuma ta wuce. Ya tsaya ya kalli inuwarsa da ta miƙe har cikin gonar wani, ya yi mamakin yadda abu marar nauyi haka yake hana gari guda shan magani.

Da ya kai wa Yadira maganar, ba ta ja ba. Kakarta ma an ɗaga mata inuwa a can bakin teku. Sharaɗi ɗaya ta kafa: duk wanda ya shigo, sai ta auna masa jini kafin ya fita.

Ranar Alhamis tun da sassafe gari ya hallara. Mata sun zo da tukwanen kunun masara da kwandunan tamal, dafaffen ƙullun masara naɗe a ganye, 'yan busa sun jeru a ƙarƙashin bishiya. Aka ɗauko Hermelinda a kujera aka ajiye ta a mazauninta na kullum, ƙarshen benci, ƙafa a kan matashi. Eustorgio ya cire malafa, ya ɗauki ƙwaryar farar ƙasa ya shiga shi kaɗai. Jama'a suka manne a tagogi.

Ya zana na farko a tsakiyar ɗaki. Na biyu a bakin ƙofar banɗaki.

"Ƙara tsawo, Kawu," wani ya ce ta taga. "Babana dogo ne."

"Ba awon akwati muke yi ba," in ji Gwaggo Eufrosina.

Na huɗu ya faɗa a daidai inda firij yake. Shi da Yadira suka tura shi gefe, kazar ta fito tana zagi, aka tarar da ƙwai goma sha ɗaya a jere. Gwaggo Eufrosina ta ce wannan alama ce mai kyau. Da aka tambaye ta alamar me, ta ce alamar za a ci ƙwai.

Na shida shi ne gadon gefen taga. Ya zana, ya tsaya. Kusa da shi akwai fili, tayil fari tas, wurin da zai ɗauki gicciye ɗaya ba tare da kowa ya tambaya ba. Tsohon nas, wanda shi kaɗai zai iya ƙaryata shi, ya daɗe da komawa arewa. Ya ɗebi farar ƙasa, har ta fara zuba ta tsakanin yatsunsa. Sai ya ga Celerino a ransa, malafa a fuska, shekara goma nan gaba, shekara ashirin, masu ciki da masu tari suna zama a kansa suna tashi, ana kiran kowa ban da shi.

Ya mayar da farar ƙasar cikin ƙwarya ya fito baranda.

"Mela, ɗan matsa."

"In matsa ina? Ka ɓata hanya ne? Taga tana can."

"Ba a can ya cika ba. Babu gado ranar. A nan ya zauna, inda kike."

Mai kakaki ya sauke kakakinsa. Hermelinda ta kalli mijinta, ta kalli taga, ta sake kallonsa.

"To furannina fa? Shekara uku wa nake kai wa?"

"Abundio."

"Abundio wanda awakinsa suka cinye mini kabewa?"

Daga cikin mata matar marigayi Abundio ta ɗaga hannu. "Mun gode, Mela. Dama muna ta mamaki."

Dariya ta kubce wa wasu, suka toshe baki da mayafi. Hermelinda ba ta yi ba. Ta kama bakin benci kamar za ta miƙe. Amma ba ta miƙe ba.

"Shi kaɗai yake lokacin?" ta ce a hankali.

"Ina gefensa. Ya ce zai ɗan runtsa, in tashe shi in an zo kansa."

"Ba ka tashe shi ba."

"Na tashe shi. Bai tashi ba."

Ta ɗora tafin hannunta a kan katakon, ta shafa shi kamar mai taɓa goshin mai zazzaɓi. Can gefe tukunyar kunu tana ta ɓararraka.

"Tun yaushe nake zama a kansa, bai ce uffan ba," ta ce. "Da yana raye, ko malafarsa na taɓa sai gari ya ji." Ta ja jiki ta matsa, ta miƙa hannu. "Ba ni ƙwaryar. Kai hannunka ya saba da kauce hanya."

Ita ta zana gicciyen da kanta, ɗan ƙarami, a karkace.

Daga nan aka kunna kyandirori, matan nan tara suka shiga a ɗarare, suna ɗaga ƙafa kamar masu tsallake kwata. Ta farko ta durƙusa ta ja kwananta, ta miƙa wa ta biyu. A kwana na huɗu aka ci tamal. A kwana na shida mai ja ta yi ta jan baƙi, Gwaggo Eufrosina ta ce mata ta yi sauri, gari ya kusa wayewa, alhali rana tana tsaka. Yadira kuwa ta tsaya a bakin ƙofa da abin awonta, duk wanda ya shiga gaida inuwar ɗan'uwansa ya faɗa hannunta. Mai busa babban ƙaho jininsa ya hau sosai, ya ce ai ƙahon ne, ta ce to ƙahon zai riƙa shan ƙwaya kullum da safe.

Da kwana tara suka cika, kowane gida ya zaɓi mai share masa da 'yar tsintsiya. Gwaggo Eufrosina ta tambayi Hermelinda wa ta zaɓa.

"Nas," ta ce. "Amma kada ki share tukuna, 'yata. Layi ya zo jira. Kira shi."

Yadira ta gyara rigarta, ta tsaya a bakin ƙofa yadda take yi kullum, ta ɗaga murya.

"Celerino Bautista Santiago. An zo kanka, Kawu."

Ta jira kaɗan, daidai lokacin da tsoho zai ɗauka ya cire malafa daga fuska ya miƙe. Sannan ta durƙusa ta share farar ƙasar tas ta zuba a akwati.

'Yan busa suka kama, aka ɗauki akwatuna bakwai aka nufi maƙabarta. Hermelinda ba ta bi ba. Ta dafa kafaɗar Yadira, ta tsallaka ƙofar da ƙafa ɗaya. Eustorgio ya kawo hannu, ta yi kamar ba ta gani ba.

Kwana biyar ta yi a gado, ruwan magani yana ɗiga, ba ta yi masa magana kai tsaye ko sau ɗaya ba. "Yadira, gaya wa shugaban kwamiti matashin nan ya yi tauri." "Yadira, tambayi shugaban kwamiti ko ya ba alade abinci, kuma ya faɗi gaskiya." Shi kuwa yana zaune a gefe yana murɗa mata hannun gado sama da ƙasa, yana kallon mutane suna shiga suna fita, har da waɗanda babu abin da ke damunsu, sun zo ne kawai su ga na'urar iska.

Rana ta shida Yadira ta kwance bandeji. Kumburi ya sauka, bakin ciwon ya yi ja mai kyau.

"Ba za ki ga Oaxaca bana ba, Gwaggo. Taka mu gani."

Hermelinda ta sauke ƙafar a kan tayil, ta gwada ta, ta yi tangaɗi. Yadira tana kusa, amma ba ita ta kalla ba.

"Kai maƙaryaci," ta ce, "ka tsaya kana kallona ne? Zo ka riƙe ni."